Tiyumba Ta Bar Sashen Kimiyya

Tamale,
9 ga Nuwamba, 2004.

Zuwa ga taubashiyata Sanatu,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata sanyin Ingila bai ƙarasa daskarar da ɗan hankalin da kika tafi da shi ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta fara yi mini gardama in na hau keke. Matata Katumi ta ce ba gwiwar ba ce, tuwon ne ya yi yawa, kuma ita ke tuƙa shi. Na je Savelugu ranar Juma'a na gaida tsohuwarki. Tana nan garau. Ta ce in gaya miki maganin ciwon bayan da kika aiko ta ba maƙwabciya, domin ita bayanta ba ya jin Turanci.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. 'Yarki Tiyumba, wadda kika bar mini amana har kika rubuta sunana a takardun makaranta a matsayin waliyyinta, ta shigo ofishina ranar Litinin ta tsaya kamar wadda ta zo karɓar gado.

Ta ce, "Kawu, ina so in bar kimiyya."

Na ce, "A nan ofis babu kawun kowa. Malam Ziblim ne."

Ta ce, "To, Malam Ziblim, ina so in bar kimiyya."

Na ce, "An kayar da ke ne?"

Sai ta miƙo mini takardar gwaji. Ita ce ta biyu a ajinsu. Ta ce ba faɗuwa ta yi ba, kuma ba tsoro ta ji ba. Ashe tun da aka shigo zango, duk lokacin da ba su da darasi, a bayan tagar ajina take tsayawa. Ni kuwa ina ganin inuwa ina zaton akuyar mai gadi ce.

Sashenmu take so ta dawo, na tarihi da adabi, wanda ɗalibai ke kira mafakar waɗanda lissafi ya kora. Darussa huɗu muke yi: tarihi, adabi, ilimin gwamnati da labarin ƙasa. Turanci da lissafi da ɗan abin da ya samu na kimiyya kuwa dole ne a kan kowa, ba za ta tsere musu ba. Ba zan yabi manhajar ba, don na san ta kamar yunwar cikina. Ta ba gwamnonin Turawa zango guda cur, ta ba sarakunan kudu zango da rabi, mu na arewa ta ba mu shafi biyu da rabi, rabin ma taswira ce. Shi ya sa a zango na biyu nake korar ɗalibaina zuwa ƙauyuka, kowa ya binciko abu guda da ya taɓa faruwa, ya ji shi daga baki uku aƙalla, sa'an nan ya rubuta. Wannan ba ya cikin manhaja, amma hedimasta ya gaji da hana ni.

Ana rufe sauya sashe a mako na biyu na Janairu. Hannuna ne zai hau takardar, amma bakinki nake jira. Kin ga dai jinin gidanmu ya rinjayi na gidanku, tun da kakata Azima ce mai ba da labari, ɗan'uwanta kakanki kuwa ban san abin da ya iya ba sai barci a gindin kuka.

Taubashinki,
Ziblim Neindoo

*

Leeds,
2 ga Disamba, 2004.

Malam Ziblim, sarkin matattu,

Na sami wasiƙarka, na yi dariya har wata abokiyar aikina 'yar Filifin ta tambaye ni ko lafiya. Ni ƙalau nake, sai mura da ta zama 'yar gida. Gwiwarka kuwa shawarata a matsayina ta nas ita ce a yanke ta, a ba Katumi ta huta da jin ƙorafi.

Kai dai ba ka gajiya. Bara ka rubuto mini cewa gwamnati za ta sa hotonka a jikin kan sarki. Kafin nan ka ce tsohuwata ta sayi babur. Bana kuma Tiyumba ce ke laɓe a tagarka. Wa zai laɓe don ya saurare ka? Ni da na zauna kusa da kai a bikin ɗan'uwanmu Fuseini, ban farka ba sai da aka kawo abinci.

To ɗauke ta mana! Na ba ka ita duniya da lahira. Ka cika mata kai da matattun sarakuna da matansu. In ta gama ka saya mata ganga ta riƙa bin makaɗa gidajen suna, kai kana riƙe mata jaka.

Akwai rigar sanyi da takalma da na ba wata mai tahowa, za ta kai gidanka. Takalman na Tiyumba ne, kada ka gwada. Ka gaishe mini da likitata, ka ce ta dage.

Uwar gijiyarka,
Sanatu

*

Tamale,
21 ga Janairu, 2005.

Sanatu,

Bayan gaisuwa, da fatan murar ta koma gidan ubanta. Mu lafiya. Takalma sun iso, na gwada, ba su shiga ba.

Aiki ya kammala. Ranar sha ɗaya ga wata na sa hannu, na maƙala wasiƙarki a bayan takardar, na ja layi ƙarƙashin "Na ba ka ita duniya da lahira." Hedimasta ya karanta ya ce bai taɓa ganin uwa mai kyauta irinki ba. Malamin kimiyyarsu, Mista Ofori, ya daina amsa gaisuwata. Jiya a ɗakin malamai ya ce da bango, ba da ni ba, wai akwai mutanen da ke sace kaji masu ƙwai su kai su koyon cara.

Ita kuwa 'yar taki, kifi ne aka mayar ruwa. A darasin ilimin gwamnati mukan mai da aji majalisa, a raba su biyu a yi muhawara. Makon jiya batun shi ne ko a bar wa sarakuna hukuncin rikicin gona ko a kai kotu. Na sa ta a ɓangaren da ba ta so, da gangan. Ta harare ni, ta tashi ta kare shi har 'yan ɗaya ɓangaren suka fara tafa mata, shugabansu yana cewa, "Kai, ku bari mana, namu ake kashewa!" Da aka tashi ta biyo ni ta ce, "Malam, yanzu ban san abin da na yarda da shi ba." Na ce madalla, kin fara karatu ke nan.

A adabi tana da saurin hukunci, ta karanta shafi goma ta yanke wa mutum hukuncin rataya. Ban san inda ta gado wannan ba. A labarin ƙasa taswirarta ta fi ta malamin kyau. An ja ƙuri'ar ƙauyukan bincike, gobe Asabar za su fara fita.

Ki kwantar da hankalinki. Ganga kuwa na sa a tambayo mini, an ce sai bayan girbi.

Ziblim

*

Leeds,
13 ga Fabrairu, 2005.

Ziblim,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau take har zuwa lokacin da na buɗe wasiƙarka.

Ka ce ka yi me?

Na karanta sau uku ina neman inda wasan yake, ban samu ba. Na buga waya gidan Fuseini, ya ce gaskiya ne, duk dangi sun sani, wai ni na ba da izini a rubuce.

Kusan shekara arba'in ni da kai ba mu taɓa gaya wa juna magana a miƙe ba. Haka muka tarar, kakanninmu suka bar mana. In ka ce fari na san baƙi ne, in na zage ka ka san gaisuwa ce. Ta yaya zan san wannan karon da gaske kake, alhali ka sa maganar tsakanin gwiwarka da barcin kakana? Kuma kai da kake koya wa 'ya'yan mutane al'ada, ka manta yadda ake yi a gidanmu? Maganar da za ta juya rayuwar yarinya ba a aika ta ta bakin abokin wasa. Babba ake samu, a ba shi goro, ya je ya zauna ya faɗa, don wanda aka gaya wa ya san ba dariya ake nema ba. Tsohuwata tana Savelugu. Baffan yarinyar yana nan Tamale, keke zai kai ka. Ba ka je ba, don ka san abin da za su ce.

Ka san abin da ya kawo ni ƙasar nan? Ina juya tsofaffin da ba su san sunana ba, ina share abin da ba zan rubuta a takarda ba. Yaro ɗan shekara ashirin da shida, da bai kai ni sanin ciwo ba, ya tsaya a kaina yana ba ni umarni saboda shi likita ne. Tun rasuwar mijina Sumani na yi alkawari 'yarsa ba za ta tsaya a inda na tsaya ba. Ita za ta ba da umarnin. Kai kuma ka ɗauke ta ka kai ta inda za ta ƙare da alli a hannu da tsohon keke.

Ka mayar da ita. Wannan ba wasa ba ne, kuma ba ni da wata hanyar da zan nuna maka sai dai ka lura ban zage ka ko sau ɗaya ba.

Sanatu

*

Tamale,
11 ga Maris, 2005.

Sanatu,

Ina gaishe ki, ina kuma fata kina lafiya. Mu ƙalau. Na lura ba ki zage ni ba, kuma ban taɓa jin zafin magana irin wannan ba.

Kin yi gaskiya a kan goro. Zan ƙara miki da abin da ba ki tambaya ba. Na ga inda kika rubuta "likitata" a ƙarshen wasiƙarki. Na gan shi sarai. Ni da nake rage wa ɗalibi maki in ya ɗauki layin da ya yi masa daɗi ya bar wanda ya ƙaryata shi, na yi daidai abin da nake hanawa, har da jan layi. Na so yarinyar a ajina. Shekara goma sha tara ina koyar da waɗanda aka turo mini don babu inda za a kai su, rana ɗaya wata ta zo da ƙafarta. Wannan dalili ne, ba uzuri ba.

Na je wurin hedimasta. Ya ce za a iya mayar da ita in takarda ta shiga kafin a tashi ranar farko ta zango na uku, wato ashirin da biyar ga Afrilu. Daga nan ƙofa ta rufu har ta gama makaranta. Mista Ofori ya ce zai yi mata darasin abin da ya wuce ta, ya kuma fara amsa gaisuwata da fara'ar da ba na so. Na cike takardar, tana cikin aljihun teburina. Ke ce uwa. In ban ji wata magana daga gare ki ba, zan miƙa ta.

Na gaya wa Tiyumba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kawu, to a bar ni in ƙarasa aikina na Salinyili." Ta ƙarasa, ga shi na sa miki a cikin ambulan, shafi tara. Ba don in sauya miki ra'ayi ba. To, ƙarya nake, don haka ne. Amma ko ba ki sauya ba, ya kamata ki ga abin da 'yarki ta iya.

Salinyili ne ƙauyen da ƙuri'a ta ba ta, ita da 'yan ajinsu biyu. Abin da ta binciko ya faru a 1989. Ma'aikatan lafiya sun je da mota suka zuba maganin kashe kurkunu a tafkin garin, mutanen gari suka kore su da sanduna, kuma shekara shida ba su sake barin wani mai farar riga ya matso kusa da ruwan ba. Ta nemo rahoton da aka rubuta a lokacin. Kalma ɗaya ya ba da a matsayin dalili: jahilci.

Asabar uku ta yi tana zuwa. Ta gano ma'aikatan sun bi ta fada, sun gaida sarki, ya ce su je su yi. Amma sarki mutane yake mulka. Ƙasa da tafki na tindana ne, tsohon da ke yi musu yanka da roƙo tun kafin a san sarauta a wurin, kuma ba wanda ya taka ƙofarsa. Yana nan da rai, ya makance. Ki duba shafi na biyar.

Ya ce mata, "Jikata, in baƙo ya shigo gidanku ya gaida maƙwabcinku, ya wuce ya zuba wani abu a randar uwarki, me za ki yi masa?"

Ta ce, "Ko da magani ne, Kaka?"

Ya ce, "Wa ya ce magani ne? Mai zubawar bai ce da ni ba. Da na zo ina tambaya, wata 'yar nas da goyo a bayanta ta ce mini tafkina tsutsa ce fal, in je in tambayi abin da nake yi wa yanka ko shi ma tacewa yake kafin ya sha."

Matan garin sun nuna mata ƙafafunsu. Ta ƙirga mutum goma sha huɗu da kurkunu ya nakasa a cikin shekarun nan shida, ta rubuta sunayensu. Ta rufe da cewa ma'aikatan sun san abin da ke cikin ruwan amma ba su san mai ruwan ba, kuma abin kunyar shi ne ba baƙi ba ne, 'ya'yan ƙasar ne da makaranta ta koya musu komai ban da gidansu.

Na ba ta goma sha bakwai cikin ashirin. Ta zo tana huci tana neman ukun. Na ce ta ji tindana, ta ji mata, ta karanta rahoto, amma ba ta ji ko ɗaya daga cikin waɗanda ta yanke wa hukunci ba. Ta ce ina za ta same su bayan shekara goma sha shida? Na ce wannan matsalar mai bincike ce, ba ta mai ba da maki ba.

Ziblim

*

Tamale,
12 ga Afrilu, 2005.

Sanatu,

Gaisuwa. Muna lafiya, tsohuwarki ma haka. Wata guda ke nan ban ji daga gare ki ba, na ɗauka amsar ke nan. Wannan karon na yi yadda ake yi: na sayi goro na je wurin baffanta, ya ce abin da uwa ta ce shi ne. Tiyumba tana hutu a gidana. Ta mayar mini da littattafan sashenmu tun ban tambaya ba, ta karɓo na Mista Ofori, tana zaune da su a gindin mangwaro. Katumi ta ce tun safe shafi ɗaya take kallo.

Ranar Litinin ashirin da biyar da safe zan miƙa takardar.

Ziblim

*

Leeds,
19 ga Afrilu, 2005.

Ziblim,

Ina gaishe ka da Katumi. Ina lafiya. Wannan ba ta gidan waya za ta zo ba, abokiyar aikina Sista Adisa ce za ta taho da ita, ta yi mini rantsuwa za ta sa ta a hannunka kafin Asabar. Na rubuta uku kafin wannan na yayyage.

Akwai kurakurai a aikin ɗalibarka. Ba mu bakwai ba ne, mu biyar ne da direba. Ba sanduna aka fara ɗauka ba, wata mata ce ta jefe mu da ƙwarya. Kuma babban kuskuren, ta ce ba mu san mai ruwan ba. Mun san shi. Wace 'yar ƙabilarmu ta Dagomba ce ba ta san tindana ba? Mun je gidansa aka ce yana gona. Tafki goma sha ɗaya aka rubuta mana a takarda ranar, nasu ne na huɗu, rana ta take, mota kuma dole ta koma kafin la'asar. Direba ya ce a jira tsohon. Shugabanmu yana ta duba agogo. Ni na ce a zuba. Ina da shekara ashirin da huɗu da sabuwar takardar shaida, na ga yara da tsutsa tana fita daga ƙafarsu, na ce ba zan jira wani tsoho ya gama noma ba. Maganar da ya ce na gaya masa kuwa, ya rage mata gishiri.

Kada ka ce mini ba ka sani ba. Ka san inda aka fara tura ni aiki. Ƙuri'a ko ba ƙuri'a ba, ka karanta "goyo a bayanta" ka lashi ambulan ka rufe. Allah ya isa tsakanina da kai, munafuki, mai ƙafar keke.

Abin da ban sani ba shi ne sha huɗun nan. An yi mini canjin wurin aiki bayan wata biyu, ban sake waiwayar garin ba. Shekara goma sha shida ina ba da labarin nan a matsayin abin dariya. Ko a nan na ba Turawa shi a ɗakin shan shayi, yadda jahilai suka kore mu don mun kawo musu lafiya. Yanzu ga sunaye a gabana da rubutun 'yata. Ta bakwai, Napari, na tuna ta. Ita ta ba ni ruwa na wanke wa goyon fuska kafin a fara rigimar.

Har gobe likita nake so ta zama. Kada ka yi zaton ka ci ni da hujja, kuma in na ga lissafinta ya sauka zan zo in karya ɗaya gwiwar. Amma likitoci na gani da yawa, na yi aiki a ƙarƙashin sun fi ɗari. Ban taɓa ganin wanda ya koma bayan shekara goma sha shida ya tambayi mutane me aka yi musu ba.

Kada ka miƙa takardar. Ka mayar mata da littattafanta, ka ba Mista Ofori haƙuri.

Kuma kada ka gaya mata ko wace ce nas ɗin, balle ta san ita ce goyon. Na sami hutu a Agusta. Ka ce mata an samo mata ɗaya daga cikin ma'aikatan, ta yarda za ta yi magana. Ta sayi sabon littafin rubutu, ta shirya tambayoyinta, ta yi su yadda ta yi wa tsohon, kada ta sassauta don ta ga fuskar da ta sani. In mun gama, ita za ta raka ni Salinyili, tun da ita suka sani.

Makin nan uku kuwa ka riƙe su tukuna. Sai ta ji ta bakina.

Sanatu